Ɗakin Dangi

Yamai, farkon Afrilu 1963

Zuwa ga mai ɗakina Zeinabu, a Tasawa.

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki, yaya kumburin ƙafar? Ki gaida mini Inna, ki durƙusa ki gaida mai gida babba. Ni ma lafiya lau nake, sai zafin Yamai da ya shigo bana ba sallama.

Kin ce in daina aiko miki takarda mai layi uku, in ba ki labarin sabon wurin aiki. To ga shi nan, kada kuma ki dawo kina kukan tsawo. Inda aka maido ni wani ƙaramin gidan kaso ne a bayan gari, ba babban ba. Ni ne anfirmiyensu, wato mai jinyarsu, ni ne lokotoronsu, ni ne mai wankin gyambo. Kayan aikina kinin, jan magani, aspirin, da gado guda a wata rumfa. 'Yan kaso ba su da wuyar jinya. Ƙazuwa ce, gudawa ce, sai kuma ciwon baya mai tashi ranar da za a fita faskare.

Mai riƙon gidan sunansa Mushe Abdu. Yaro ne ɗan lekol, mai karatun boko, shi ya gaji Baturen da ke nan da, kuma har yau da karabat ɗaure a wuya yake zuwa aiki cikin wannan rana. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya hana bulala ba dalili, ya sa ana raba sabulu. Abin da ya fi alfahari da shi wani ɗaki ne da ya sa aka kwashe tarkace daga ciki, ya raɗa masa suna ɗakin dangi. Dokarsa ita ce, in an kawo mutum biyu 'yan jini ɗaya, a haɗa su can su kula da juna. Ya ce Nasara ya raba mu da danginmu, mu ba za mu yi haka ba. Sarzan Bawa, babban masu gadi, yana ta guna-guni wai kaso ya zama masaukin baƙi.

Waɗanda ke ɗakin yanzu Fulani ne biyu, wani tsoho Sambo da ɗansa Yero. Shanunsu ne suka faɗa gonar shinkafa a Tondibiya, manoma suka yi wa tsohon zobe, Yero ya iso da sanda, kan wani ya fashe. Mai kan ya warke. Alƙali ya yanke musu 'yan watanni, ya kuma sassauta wa Yero, ya ce ɗan da ya ga an taru a kan ubansa ba a ce masa ya naɗe hannu ba.

Tsohon ne ya dame ni. Ba ya cin abinci. Yadda aka kai tasa haka take dawowa. Na duba shi, ba masassara, ba tari, harshensa lafiya. Ba ya jin Hausa, Zabarmancin ma sai kame-kame, don haka Yero ke mana tafinta. In na tambayi yaushe rabonsa da bayan gida, sai Yero ya kafe ƙasa da ido, ya faɗi wata kalma guntuwa, tsohon kuma ya ja rawani ya rufe baki. Iyakar amsar ke nan. Ni dai na ɗora laifin a kan tuwon gidan, wanda ko ni sai yunwa ta kai ni bango. Mutumin da ya tashi da nono, ina shi ina tuwon dawa da miyar da ta ga kuka daga nesa? Gobe zan sa a samo masa nono mu gani.

Maƙwabtanmu na Bukoki suna gaishe ki. Ki rage ɗaukar tulu, na san halinki.

Naki har kullum,
Mutari

Yamai, tsakiyar Afrilu 1963

Zeinabu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida duka. Saƙonki ya iso ta hannun direban nan Ɗan'azumi, har da yajin. Allah ya saka, ya sauke ki lafiya.

Kin tambayi tsohona. Nonon bai yi aiki ba. Nan ya zauna a ƙwarya har ya tsinke. Ruwa ma sai ya kurɓa kamar mai ɗanɗana magani, ɗan kunu kuwa sai an yi sa'a. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Da Mushe Abdu ya ji, tausayi ya kama shi, ya ɗauke wa Yero aikin waje gaba ɗaya, ya ce ya zauna da ubansa safe da yamma kada ya gusa. Sarzan Bawa shi kuma ya ce taurin kai ne, ko ma wani ya zuga su, tunda zamanin siyasa muke. Shawararsa a danne tsohon a yi masa ɗura kamar ɗan maraƙi. Na ce ba da hannuna ba.

Ni dai ban taɓa ganin uba da ɗa irin waɗannan ba. Ɗakin bai fi rumbu girma ba, amma kowa ya kama kusurwarsa, ya ba ɗan'uwansa baya. Ba hira, ba faɗa. Yero ke ɗauko abinci, ya ajiye, ya koma ya fuskanci bango ya lulluɓe kai. Nasa kuwa a ƙofar madafa yake cinye shi a tsaye, da sauri kamar wanda ya sato. Na ce a raina, Fulani da kunyarsu sai su.

Shekaranjiya da hantsi aka ce wata mata tana nemana a bakin ƙofa. Bafillatana ce, yarinya, da ƙwaryar nono a ka, ta tako tun daga Tondibiya. Sunanta Fendo, ɗiyar Sambo ce. Wata mai ƙosai da ke zama nan ta yi mana tafinta da Zabarmanci. Ta yi ta tambayar ubanta, yana barci, yana salla a tsaye ko a zaune. Don in kwantar mata da rai na ce kada ta damu, wanta yana kula da shi, ko motsi ba ya yi daga gefensa. Sai ta ce ita ba ta da wa a kaso, 'yan'uwanta maza duk suna can da shanu. Na ce to Yero fa? Ta ja gyale ta rufe fuska, ta juya mini ƙeya. Mai ƙosai ta bushe da dariya har ta kusa kifar da mai, ta ce kai Mushe, da karatunka duka, ina ka taɓa ganin mace ta amsa sunan mijinta a bainar jama'a?

Zeinabu, surukai muka kulle a ɗaki ɗaya, da tasa ɗaya, da bokitin bahaya ɗaya a kusurwa.

Kin tuna zuwana Tasawa na farko bayan biki, da mai gida babba, mahaifinki, ya shigo zaure ina da lomar tuwo a baki? Na kasa taunawa, na kasa haɗiyewa, na riƙe ta a kumatu har ya gama gaisuwa ya fita, ke da ƙannenki kuna leƙe kuna mutuwa da dariya. To wannan na ɗan lokaci ne, kuma ni Bahaushe ne. Shi wannan tsohon ba ya ci ne don kada ya tauna a gaban mijin ɗiyarsa, ba ya sha don kada bokitin nan ya kama shi. Ni kuma kullum ina zuwa in sa surukin nasa ya tambaye shi labarin bayan gida. Wallahi da na tuna sai da na ji zufa ta karyo mini.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Sai na ji ta bakin Yero.

Ki gaida Inna. Ki ce mata yajin ya yi, sai dai ta tausaya wa harshena nan gaba.

Mijinki,
Mutari

Yamai, ƙarshen Afrilu 1963

Zuwa ga Zeinabu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina lafiya, kuma watan ya kama da sauƙi. Kullum ina sauraron zuwan Ɗan'azumi. Nan lafiya, kogi ya ja baya har yara na tsallaka wasu wurare da ƙafa, mangwaro kuma ya cika kasuwar Kalle.

Na kira Yero rumfa da sunan zan duba masa ido. Da na ce na ga matarsa, bai yi musu ba. Ya ce ranar da jandarma suka kama su, an tambaye shi wane ne tsohon, ya ce Baba, don abin da yake ce masa ke nan. Haka aka rubuta. A gaban alƙali aka tambayi Sambo ko ɗansa ne, tsohon ya ga in ya ce a'a ya tura yaron rami, sai ya gyaɗa kai. Yero ya ɗauka a kaso za a watsa su cikin jama'a, ya riƙa lura da tsohon daga nesa kamar yadda matarsa ta roƙe shi. Wa ya san akwai wani abu wai ɗakin dangi? Ya ce ba dabarar da bai yi ba. Ya lulluɓe kai, ya yi barcin ƙarya har da minshari. Tsohon ya san na ƙarya ne, kuma ko ido bai gani ba ai kunne yana ji.

Na ce to a faɗi gaskiya mana. Ya ce in an faɗa, magana za ta koma wurin alƙali, kuma su biyu suka yi masa ƙarya. Shi bai damu da kansa ba, amma in aka ƙara wa tsohon ko wata guda, gawarsa za a fitar. Ban da haka, a tsayar da dattijo kamar Sambo a kira shi maƙaryaci a gaban mutane, ya ce gara yunwar.

Na tafi biro wurin Mushe Abdu da dabaruna. Na ce yaron yana bukatar iska, a maida shi faskare. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce Mutari, ashe har da kai cikin masu zuciyar Nasara? Na ce to ciwon tsohon wataƙila mai yaɗuwa ne, a ware shi. Ya ce in haka ne wa zai yarda ya yi jinyarsa in ba ɗansa ba, kuma sai a kira babban lokotoro ya tabbatar. Na janye maganar tun kafin ta kai ni inda ban shirya ba. Na ce a dawo da tsohon rumfata. Ya ce madalla, ya sa aka kawo shi, sai ga Yero a bayansa da tabarma, wai umurni ne. Alherin mutumin nan ba shi da ƙofar fita.

A lokacin tsohon ya daina tashi salla, sai da ishara. Fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa. Na ce wa Yero zan jira zuwa Juma'a, daga nan zan faɗa da bakina, don ƙarin wata ya fi kabari. Ya ce to.

Ranar Alhamis da safe aka buɗe ƙofa don masu kawo ruwa. Yero ya ɗauki garwa biyu wofi, ya bi sahunsu, ya fice. Bai yi gudu ba. Akwai wani gawo da ake hangowa daga ƙofa, can ya je ya ajiye garewanin ya zauna. Masu gadi kuwa suka bazu da bindigogi har bakin kogi, suna ta busa usur. Sai wani da ya gaji ya juyo ya gan shi zaune a inuwa yana jiransu. Dokar hana bulala ba ta yi aiki ba ranar nan. Ni na wanke masa bayan da jan magani. Aka sa masa mari a ƙafa, aka jefa shi ɗakin duhu, inda ake ajiye mutum shi kaɗai.

Da azahar na dama kunu mai ruwa-ruwa, na zuba nonon da Fendo ta sake kawowa, na ajiye kusa da tsohon. Na saki labulen rumfa na tafi abina. Da na dawo ƙwaryar ba ko ɗigo, ya miƙo mini ita da hannu biyu. Ban ƙara masa nan take ba, cikin da ya daɗe a rufe ba a buɗe shi da ƙarfi. Kaɗan-kaɗan nake ba shi. Jiya ya ci tuwo, ya kuma taka da kansa zuwa bayan gida.

Gidan duka yanzu zagin Yero ake yi, 'yan kaso da masu gadi baki ɗaya. Wai ɗan da ya tsere ya bar ubansa a bakin mutuwa. Ɓarayin awaki ma sun samu wanda suka fi. Mushe Abdu ya ce yaron ya ci amanarsa, ya rubuta wa alƙali. Game da cin abincin tsohon kuwa, sun ce baƙin ciki ne ya buɗe masa ciki. Ina jin su, ina naɗe bandejina.

Ki kula da kanki. In abin ya zo, a aiko mini ko da wane lokaci ne.

Naki,
Mutari

Yamai, bayan Sallar Layya, Mayu 1963

Zuwa ga maijego Zeinabu,

Barka, barka da arziki! Alhamdu lillahi da Allah ya raba ku lafiya. Ɗan'azumi tun daga bakin titi ya fara yi mini kirari, sai da na ba shi goron albishir kafin ya ce mace ce. Yaya jikin, yaya ruwan zafi? Ki daure wa Inna, kada ki yi mata gardamar wanka. Na nemi izini, in Allah ya so ina nan tafe kafin suna. An ce ta ɗauko hancina. Allah ya ba ta haƙuri.

Kin ce kada in zo ban ƙarasa miki labarin Fulanina ba. Ga ƙarshensa, iyakar abin da na gani.

Alƙali ya ƙara wa Yero shekara saboda gudu, aka kuma ce a kai shi wani kaso can arewa, inda ba a kai wa mutum nono daga Tondibiya. Sambo kuwa ya murmure, yana yawo a tsakar gida da sanda, kwanakinsa sun kusa cika. Tun ranar gawon nan ba su sake haɗuwa ba, bai kuma tambaye ni yaron ba ko da ishara.

Kashegarin Salla kamyo ya zo da hantsi, babbar motar ɗaukar 'yan kaso. Aka fito da Yero daga ɗakin duhu yana ƙifta ido, aka zaunar da shi a tsakar gida da marinsa, ana jiran direba ya gama shan shayi. Lokacin rabon abinci ne, kuma ranar da ɗan nama a miya, na layya da mutanen gari suka aiko sadaka. 'Yan kaso suna layi suna jifansa da magana. Wani ya ce a tambaye shi ko a kasuwa ya sayi uban.

Sai ga Sambo ya fito daga rumfata, tasa a hannu ɗaya, buta a ɗayan, ya bar sandar. Ya nufi Yero. Wani mai gadi ya tare shi, Sarzan Bawa ya ce a ƙyale shi, uba ne, in tsinuwa zai yi yana da haƙƙi. Kowa ya miƙa wuya.

Tsohon ya zauna a ƙasa gaba da gaba da shi, har gwiwoyinsu na taɓa juna. Ya ajiye tasar a tsakani. Ya sa hannu ya sauke rawanin daga bakinsa, ni kaina ranar na fara ganin haɓarsa ba tare da na roƙa ba. Ya wanke hannu, ya kama hannun Yero ya zuba masa ruwa. Sannan ya yanki tuwo, ya dangwali miya, ya kai baki, ya tauna a hankali yana duban yaron cikin ido. Yero ya kau da kai. Tsohon ya haɗiye, ya tura tasar gabansa, ya kira shi da sunansa, Yero, da ƙarfi yadda kowa ya ji. Tun zuwansu ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ya tsamo naman ya ajiye a gefen yaron.

Yero ya ci. Hawaye na zuba cikin tasar, yana ci. Loma wannan, loma wancan, har suka suɗe ta. Direba ya yi ta matsa oda, ba wanda ya kula shi, har shi Sarzan Bawa.

Mushe Abdu yana tsaye a ƙofar biro, ya share tabarau, ya ce mini in duba zuciyar uba, ɗa ya yashe shi amma shi bai yashe ɗa ba. Ya ce wannan ya ƙara nuna masa amfanin ɗakin dangi, zai ma nemi a buɗe na biyu. Na ce Allah ya taimaka, amma nan gaba a bar ni in riƙa yi wa masu shiga tambayoyi tukuna. Ya ce ba laifi.

Aka ɗora Yero a kamyo. Tsohon bai bi shi da kallo ba, ya tsaya wanke tasar da sauran ruwan buta. Ni kuma na shiga rumfa na yi ta jera kwalaben da ke jere. Kin san ni ba mai saurin kuka ba ne, kuma ban yi ba. Duk tsakar gidan nan sun ga uba ya yafe wa ɗa. Ni kaɗai na san abin da na gani, ga shi yanzu mun zama biyu. Ki bar shi a cikinki, don tsohon bai fita ba tukuna.

Ki gaida Inna da mai gida babba da duk masu zuwa barka. Ki shafa mini kan yarinyar kafin in iso.

Ni ne mijinki mai kewarku,
Mutari